Abin da Aka Gani a Hantata

Laraba, 9 ga Yuli, bayan La'asar

Mun dawo daga Katsina. Ruwa ya tare mu a Mashi, bai sake mu ba har ƙofar gida.

An sa ni cikin na'urar ɗaukar hoton nan mai kama da rami, aka yi mini wata allura da ta sa na ji zafi tun daga maƙogwaro har tafin ƙafa. Da hoton ya fito, likita ya daɗe yana kallonsa. Sai ya ce, "Malama, ɗan jira mu a waje." Cikina ne, hantata ce, amma ni aka fitar. Na zauna kan benci kusa da wata tsohuwa mai ciwon ƙafa, ina jin muryoyinsu ta bayan ƙofa, ba na jin abin da suke faɗa.

Baban Firdausi ya fito yana murmushi. Shekara goma sha takwas muna tare, ban taɓa ganin irin wannan murmushin a fuskarsa ba. Ya ce ɗan ƙari ne a hanta, an rubuta magani, da sauƙi. A tasha ya sayo mini dafaffen ƙwai da ayaba, ni da ban ce ina jin yunwa ba.

Nauyin nan na ƙarƙashin haƙarƙarina na dama yana nan yadda yake tun bayan Babbar Sallah. Ba ciwo ne mai sa kuka ba. Kamar an ajiye mini ɗan dutsen niƙa a ciki an manta da shi.

Alhamis, 10 ga Yuli, da hantsi

Na shirya zan tafi makaranta, 'yan aji biyar ɗina suna da jarrabawar lissafi. Ya ce ya riga ya ga hedimasta, an ba ni hutu. Ban nemi hutu ba.

Lahadi, 13 ga Yuli, bayan Azahar

Yau kasuwar Mai'adua ke ci, kuma yana gida. Tun da aka kawo ni gidan nan, in ba rasuwa aka yi ko Sallah ba, Lahadi ba ta taɓa samunsa a Daura ba. Sau uku abokan cinikinsa na kasuwar dabbobi suka kira, ya ƙi ɗagawa. Ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida yana kwance rediyon da ba ta lalace ba.

Na karanta takardar da ke cikin kwalin maganin. Ɗaya na rage zafi ne, ɗaya na ƙarin jini. Babu wanda aka ce yana narkar da ƙari. Sun manta ni ce mai koya wa 'ya'yan mutane karatu.

Na yi mana dambu.

Talata, 15 ga Yuli, da yamma

Inna ta zo daga Mashi da jakarta babba, wadda take zuwa da ita in za a yi haihuwa. Ta bar gonar gyaɗarta ana tsakiyar noma. Wai jikoki ta zo gani.

Ni ce 'yar farinta. Tun da na yi wayo ba ta taɓa kiran sunana ba, daga "ke" sai "'yar nan". Ko ranar da aka kai ni ɗakin miji ba ta dube ni ido da ido ba. Yau ina tankaɗe ta zo ta karɓe rariyar daga hannuna, ta ce, "Adawiyya, je ki kwanta."

Na shiga ɗaki na kwanta.

Juma'a, 18 ga Yuli, bayan Magariba

Gida ya cika da 'yan dubiya. Har da wata malamar makarantarmu da muka yi shekara biyu ba ma gaisawa saboda rigimar jadawali. Ta riƙe hannuna ta ce mu yafi juna, duniya ba matabbata ba ce. Na ce na yafe. Ta fita tana goge ido da bakin hijabi.

Kowa ya shigo: ya jiki? Da sauƙi. Ya jiki? Da sauƙi. Da ƙafata nake zuwa in raka su har zaure, su kuma suna kallona kamar wadda aka riga aka yi wa wanka.

Asabar, 19 ga Yuli, da safe

Da sauƙi.

Litinin, 21 ga Yuli, da hantsi

An fara kawo rubutu, safe da yamma, ina sha. Inna kuma ta jiƙa wasu sassaƙe masu ɗaci kamar maɗaci, su ne nake zubarwa a gindin zogale in ta juya baya.

Ba na son in rubuta komai game da Baba Audi, surukina, Allah ya jiƙansa. A ɗakin da ke kallon nawa ya yi jinyarsa. Baban Firdausi ne yake juya shi, yake ɗauraye shi, wata huɗu. Ba zan rubuta yadda cikinsa ya koma ba, ko launin idanunsa.

Na ɗauki madubi na je bakin taga. Nawa farare ne. Na duba sau biyu.

Laraba, 23 ga Yuli, bayan La'asar

Yaya Munzali ya zo daga Kano ba tare da ya yi waya ba. Ya gaishe ni a tsaye, ya ja Baban Firdausi suka fita zaure. Na fito zan kai musu ruwa, sai na tsaya a bakin katanga, domin ban taɓa jin yayana ya ɗaga wa surukinsa murya ba.

"Malam Saminu, mako biyu ke nan. Me kake jira?"

Ban ji farkon amsar ba. Ƙarshenta na ji: "Ba zan bari a taɓa ta da ƙarfe ba. Na ga abin da idona."

Na koma da ruwan na juye a randa. Da Yaya zai tafi na tambaye shi ko akwai abin da ya kamata in sani. Ya dubi takalminsa ya ce in yi ta addu'a, kowane bawa da jarrabawarsa.

Juma'a, 25 ga Yuli, bayan an sauko daga masallaci

Maman Adaora ta shigo, wato Ursula mai shagon kayan masarufi na bakin layinmu. Shekararta ashirin a Daura, Hausarta ta fi ta wasu 'yan gari. Ta kawo mini lemo da kankana, ta ce sun sa ni a addu'a a cocinsu ranar Lahadi. Na yi dariya na ce ƙari ɗaya har ya kai coci?

Ta daina ɓare lemon. Ta dube ni, ta dubi ƙofar ɗakin da Inna ke salla.

"Malama, me likita ya gaya miki?"

Na ce ni ba abin da ya gaya mini, a waje na zauna.

Ta ajiye lemon. Sannan ta ce ita ba ta zo haɗa faɗa ba, amma mai shayi ya sani, mai faci ya sani, masu cajin waya sun sani. Ta faɗi sunan ciwon da ƙaramar murya. Ba zan rubuta shi ba. Shi ne dai na Baba Audi.

Abin mamaki, ban yi kuka ba. Na ci lemon har ya ƙare. Ashe na sani tun ranar da Inna ta kira sunana, jira kawai nake a samu mai faɗa.

Asabar, 26 ga Yuli, bayan Asuba

Da ya dawo daga masallaci na rufe ƙofa na ce ya zauna. Na ce ya gaya mini abin da likita ya ce, kalma bayan kalma, in kuwa ya ce mini da sauƙi zan fita in je Katsina da ƙafata.

Ya zauna a bakin gado. Ya ce likita ya nuna masa ƙarin a hoto, ya kai girman lemon zaƙi, ya ce kamanninsa duk irin na wancan ciwon ne. Shi daga nan kunnensa ya toshe. Na ce sai me? Ya kau da kai. Na ce sai me?

Ashe akwai sauran magana. Likitan ya ce abu biyu sun ɗaure masa kai. Jinina ba shi da ƙwayar ciwon hanta wadda galibi ita ke share wa abin hanya, kuma sauran hantar lafiyayya ce, ba ta ƙanƙance ba. Don haka ya ce a kai ni Kano, a tsinko ɗan nama daga ƙarin da allura a duba, domin akwai wasu ƙararrakin da ba a cika gani ba, masu shigar burtu da kamannin wancan.

Na ce, "Kuma ka dawo da ni gida ka ba ni maganin ƙarin jini."

Ya ce haka aka yi ta yawo da Baba daga wannan asibiti zuwa wancan, kowa ya tsikara, ana tsikararsa abin ya bazu, ya mutu jikinsa duk huji. Ya ce ya yi wa kansa alkawari ni ba za a wulaƙanta ni haka ba, gara in ƙarasa kwanana a ɗakina cikin 'ya'yana, hankalina kwance.

"Hankalina kwance," na ce. "Unguwa duk ta yi mini ta'aziyya, ni kaɗai ce ba a gayyata ba."

Ya rufe fuska da hannu biyu. Ban lallashe shi ba.

Lahadi, 27 ga Yuli, da rana

Ban yi masa magana ba. Na ajiye masa abinci, ya dawo yadda na ajiye.

Talata, 29 ga Yuli, da hantsi

Na gaya musu za ni Kano. Inna ta ce kowa ya san abin nan ba ya son ƙarfe, in bari a gama saukar Alƙur'anin da aka sa a yi. Na ce a ci gaba da sauka, ni kuma in tafi, Allahn da ke Daura shi ne a Kano. Ta ce tun ina ƙarama kaina ke da tauri. Ta koma kirana "ke". Na ji daɗin hakan fiye da yadda zan iya faɗa.

Na kira Yaya Munzali ya zo ya ɗauke ni. Ina ajiye waya sai ga Baban Firdausi a bakin ƙofa. Ya ce, "Ba sai ya zo ba. Ni zan kai ki."

Alhamis, 31 ga Yuli, Kano, gidan Yaya Munzali, bayan La'asar

Tun safe muke layi sai bayan Azahar muka shiga. Likitan, Dokta Zakiyyu, bai kai ni shekaru ba. Ya ɗaga hotunan, ya juya wajen Baban Firdausi zai fara magana. Na ce, "Likita, ni ce mai hantar." Ya ɗan yi jim, ya jawo kujerarsa ta fuskance ni.

Ya ce in da ina da ciwon hanta na shekaru, da wannan hoton kaɗai ya ishe shi ya yanke magana, domin ƙarin yana shan jini yana saki daidai yadda wancan ke yi. Amma a hanta mai lafiya hoto ba ya isa shaida. An sake gwada jinina, alamar da ke hawa in wancan ne ba ta hau ba. Ya ce kada in ɗauki wannan a matsayin albishir, domin wani lokaci ba ta hawa kuma shi ɗin ne. Yana iya zama shi. Yana iya zama wani mugun daban. Yana iya zama wanda ba mugu ba. Sai nama ya je ƙarƙashin madubi.

Baban Firdausi ya tambaya ko allura ba ta sa abin ya bazu. Likita bai yi masa dariya ba. Ya ce akwai ɗan haɗari, amma kaɗan ne ƙwarai, kuma zama cikin duhu ya fi shi haɗari. Ya tambayi yadda jinyar Baba ta kasance, ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce da alama tun kafin a kai shi asibiti abin ya riga ya yi nisa.



Litinin, 4 ga Agusta, da yamma

An yi. An kashe wurin, na ji ƙara kamar an taka busasshen kara, sau biyu. An nuna mini abin da aka ciro a cikin 'yar kwalba, siriri kamar zaren ɗinki. Wai wannan ne zai faɗi ko zan ga auren Firdausi.

Na kwanta kan ɓangaren dama har La'asar. Yana zaune a ƙasa kusa da gadon, carbi a hannu, idonsa na kan filastar kamar wani abu zai fito.

Laraba, 6 ga Agusta, Daura, da safe

Gero ya yi tsawo a bakin hanya, har ya fara fitar da kai. Na kama kaina ina tunanin ko zan ci sabon tuwonsa. Na yi istigfari.

Talata, 12 ga Agusta, bayan Azahar

Dokta Zakiyyu ya kira, kuma lambata ya kira. Ya ce masu duba nama sun duba, ba su gamsu ba. Wasu ƙwayoyin sun yi kama da na wancan, wasu ba su yi ba. Za a tura naman wani wuri a rina shi da wasu sinadarai na musamman, kowane irin ƙari da launin da yake kamawa. Sai na ƙara haƙuri.

Na tambaya kwana nawa. Ya ce ba zai yi mini alkawarin da ba a hannunsa yake ba.

Na jefar da wayar kan katifa. Da ma ban je ba. Da aƙalla na san abu ɗaya, ko da mummuna ne.

Alhamis, 14 ga Agusta, da hantsi

Shiru.

Asabar, 16 ga Agusta, bayan La'asar

Ina yi wa Firdausi kitso, kanta a cinyata, sai na ji ɗumi a zanena. Kuka take ba sauti. Shekararta goma sha shida. Ta ce tun ranar da muka dawo daga Katsina ta sani, ta ji Babanta yana gaya wa Inna a waya, aka ce in ta nuna a fuska ta kashe ni da wuri. Fiye da wata guda yarinyar nan tana shiga banɗaki ta yi kukanta ta wanke fuska ta fito ta yi mini dariya.

Na gaya mata duk abin da likita ya ce, ban rage ba, ban ƙara ba. Na ce ban sani ba, su ma ba su sani ba tukuna. Ta ce, "Mama, wannan ya fi." Na ƙarasa kitson, ya karkace ta gefe ɗaya, ta ce a bar shi haka.

Ban taɓa jin haushinsa kamar yau ba. Ya shigo da Magariba da ƙosai mai zafi, na dube shi na ga yadda wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Haushin bai tafi ba, sai dai ya rasa inda zai zauna.

Litinin, 18 ga Agusta, da rana

Na share ɗaki, na fitar da atamfofin da ban ɗinka ba, na fara ware wa kowa nasa. Da na ga abin da nake yi na mayar da su akwati.

Laraba, 20 ga Agusta, da safe

Likita ya kira. Wai mu zo gobe, ba maganar waya ba ce. Na kasa karanta komai a muryarsa.

Alhamis, 21 ga Agusta, Kano, bayan La'asar

Ba shi ba ne.

Na rubuta na zauna ina kallon rubutun.

Sunan abin dogo ne, na sa ya maimaita sau uku ban riƙe ba. Ya ce wani irin ƙari ne da ke haɗa tsoka da jijiyoyin jini da kitse, an fi ganinsa a ƙoda, a hanta kuwa sai a daɗe ba a gamu da shi ba, shi kansa wannan ne na farko da ya gani da idonsa. Nawa kitsensa kaɗan ne, shi ya sa a hoto ya fito sak wancan. Galibinsu ba sa bazuwa. Amma nawa babba ne, kuma irin da ba a sakin jiki da shi, don haka za a yanke shi da ɓangaren hantar da yake zaune. Ya ce hanta tana tofowa kamar zogale in an sare shi. Ya ce aikin babba ne, ana iya zubar da jini da yawa, kuma bayansa zan riƙa zuwa hoto shekara da shekaru.

Na ce in da mun zauna a gida fa? Ya ce da zai ci gaba da girma, wata rana yana iya fashewa. Bai dubi kowa ba da ya faɗa.

Baban Firdausi ya tashi ya fita. Na same shi a bayan ginin, ya dafa bango da goshinsa, kafaɗunsa na rawa. Mutane na wucewa suna cewa Allah ya jiƙan rai, sun ɗauka rasuwa aka yi mana.

Na yi zaton zan yi murna. Gajiya kawai nake ji.

Litinin, 1 ga Satumba, asibiti, da yamma

An ba ni gado. Yaya Munzali da Baban Firdausi da Chukwuemeka mijin Maman Adaora, wanda ya zo sarin kaya Kano ya biyo, duk sun ba da jini.

A gadon da ke kusa da nawa akwai wata yarinya, Shatu, daga wani ƙauye kusa da Kongolam. Ba ta kai talatin ba, 'ya'yanta uku. Da ta ji ni 'yar Daura ce ta ce ashe 'yan gida ne, ta miƙo mini dabino. Ta tambaya me ke damuna, na ce hanta. Ta ce ita ma.

Na ga idanunta. Na ga cikinta a ƙarƙashin zane. Na juya na gyara filo.

Laraba, 3 ga Satumba, bayan Asuba

Yanzu za a zo a ɗauke ni. Na yafe masa, amma ban gaya masa ba tukuna. In na fito na faɗa.

Lahadi, 7 ga Satumba, da rana

Na fito. Ciwon ɗinkin ba a magana. Roba a hanci, roba a ciki, yau aka cire ta hancin. Likita ya ce an ciro shi ɗungurungum. Shatu ce ke kira mini nas in na kasa ɗaga murya.

Talata, 9 ga Satumba, bayan Azahar

An ce in riƙa takawa. Ina bin bango a hankali, na kai kwanar baranda, sai na ji muryar wani likita yana magana da Mati, mijin Shatu. Ban yi niyyar saurare ba, kuma ba ni da ƙarfin juyawa da sauri. Nata shi ne. Ya cinye hantar ta ko'ina, ba wurin yanka. Za a ba su maganin rage zafi su koma gida.

Na dawo na kwanta. Can sai ga Mati ya shigo da fara'a, ya ce mata an ce da sauƙi, jibi za a sallame su. Ya fita neman ruwan zafi.

Shatu ta juyo ta ce, "Yaya, kin wuce ta wajensu. Me likita ya ce masa?"

Ni da na tsaya a ɗakina na ɗaga wa mijina murya a kan wannan, sai ga ni ina yi mata ƙarya. Na ce ban ji sosai ba. Na ce in tana so, gobe in likita ya zo zagaye ta tambaye shi da kanta, zan zauna kusa da ita in riƙe hannunta.

Ta daɗe tana kallon silin. Sannan ta ce, "Bar shi, Yaya. Haka uwata ta yi, haka yayana. Na san hanyar. Shi ne bai san na sani ba, kuma shi ke nan abin da ya rage masa da zai yi mini. Kar a karɓe masa."

Ta ce in taya ta da addu'a ta kai lokacin kaka, tana so ta ga an yaye ƙaramin.

Alhamis, 11 ga Satumba, da hantsi

Sun tafi. Baban Firdausi ya riƙe musu kaya har bakin mota. An canja zanen gadon, kafin Azahar an kawo wata.

Hanta ɗaya, ciwo mai kama ɗaya, gado kusa da gado. Ban fi ta komai ba.

Laraba, 17 ga Satumba, Daura, bayan La'asar

Jiya muka dawo. Waɗanda suka zo neman yafiya sun dawo yin barka, wasu har da ɗan jin kunya. Inna ta koma Mashi ciran gyaɗa. Ana ta yankan gero.

Na kira lambar da Mati ya ba mu, ba ta shiga. Ban sake gwadawa ba.

Yau da gida ya yi shiru ya zo ya zauna a bakin gado yana ɓare mini magani. Na ce masa na yafe tun kafin a shiga da ni. Ya gyaɗa kai, bai ɗago ba. Na ce amma akwai sharaɗi. Bayan wata uku za a sake hoto, bayan nan ma a sake. In wata rana aka ga wani abu, wa za a fara gaya wa?

Ya ce, "Ke."

Ya miƙo mini ƙwayoyin da kofin ruwa, ya jira na haɗiye. Sannan ya ce Dokta Zakiyyu ya tsare shi ranar da suka ba da jini. Nasa ba a karɓa ba. An ga ƙwayar ciwon hantar nan a jininsa, irin ta Baba. An ce hantarsa lafiya lau a yanzu, amma shi ma zai riƙa zuwa ana dubawa, kuma a kai yara a gwada su.

Mako biyu yana ɗauke da wannan, yana juya ni a gadon asibiti.

Na buɗe baki, ya ɗaga hannu. Ya ce zai je duk gwajin da aka ce, ba zai tsallake ko ɗaya ba, ranar Litinin ma zai kai yaran. Abu ɗaya yake roƙo.

"In ranar ta zo, Adawiyya, ke ki shiga wajen likita. Ni in jira a waje. Ki fito ki gaya mini abin da kika ga zan iya ɗauka."

Aka kira Magariba. Ya tashi ya ɗauki buta. Ban ce masa to ba, ban ce a'a ba, kuma har yanzu da nake rubutun nan ban san wadda zan ce ba.